Jinjina ga Ma'aikatan Asibitin Noma na Sakkwato

Duk uwar da ta miƙa ɗanta a ƙofar ɗakin tiyata, alhali cutar noma ta zaizaye masa kunci, sa'an nan ta zauna tana jan carbi har ya farfaɗo, ita ce ta san ƙimar ma'aikatan wannan asibiti da aka kafa a 1999, inda ake gyara fuskokin yara kyauta. Haƙiƙa, bayan likita ya ɗebo fata ya cike gurbin da ciwo ya cinye, masu jinya ne ke kwana suna wanke rauni, suna ba yaro madara ta siririn bututu, suna kwantar da hankalin mahaifiyarsa. Ihsani irin wannan ba ya biyuwa. Allah ya saka musu da mafificin alheri.