Littafin John Michell da Ƙarfin Ƙasar Glastonbury

A kudu maso yammacin Ingila akwai wani ƙaramin gari, Glastonbury, wanda Kirista suka daɗe suna kai wa ziyara. Dā akwai babban gidan ibada a wurin. Gobara ta cinye shi a 1184, aka sāke gina shi, sa'an nan Sarki Henry na Takwas ya rufe shi a 1539, ya sa aka rataye shugabansa, Richard Whiting, a kan tudun da ke gefen garin.

A 1969 wani marubuci, John Michell, ya fitar da littafi mai suna The View Over Atlantis. A ciki ya ce wai akwai wani ɓoyayyen ƙarfi da ke gudana cikin ƙasa bisa miƙaƙƙun layuka, kuma wai mutanen dā sun san shi, shi ya sa suka kafa wuraren ibadarsu a kansa. Ɗaya daga cikin layukan, in ji shi, ya taso daga Cornwall ya ratsa tudun Glastonbury.

Littafin yana da daɗin karatu, wannan ba gardama. Amma daɗin zance dabam, hujja dabam. Alfred Watkins, wanda ya rubuta littafi a kan layukan tun 1925, hanyoyin fatake na dā kurum ya ɗauke su. Michell ne ya yayata zancen ƙarfin, bai kuwa kawo ma'aunin da ya auna shi ba.

Mai karatu yana iya jarraba dabarar da kansa. Ya shimfiɗa taswirar Kano, ya aza rula daga Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, ya yi ta juya ta wajen birni. Saboda yawan masallatai da ƙofofi da kududdufai, da wuya bai sami uku ko huɗu sun faɗa kan layi guda ba. Ingila kuwa cike ta ke da tsofaffin majami'u. Abin da Tom Williamson da Liz Bellamy suka nuna ke nan a littafinsu na 1983.

Babban aibin littafin shi ne ya danne mutane. Masu ziyarar dā addu'a ta kai su Glastonbury, da neman gafara, amma ya mai da su kamar waɗanda ƙasa ta fizgo ba da saninsu ba. Bakano ba zai yi mamakin girmama tudu ba, don ya san labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala. Sai dai waɗanda suka haƙa gindin Dala tama suka tarar, da alamun narka ƙarfe tun wajen ƙarni na 7. Haka rijiyar da ke gindin tudun Glastonbury, mai jan ruwan da waɗansu ke dangantawa da jinin Almasihu: ƙarfen da ke cikin ruwan ne ke rina shi.