Ashana Huɗu da Tambayoyi Tara: Gwanintar Masu Awon Tunani

Duk wanda ya san kasuwar Illela ranar Lahadi ya san irin dattawan da ke cikinta. Mutum bai taɓa riƙe biro ba, amma ka ba shi jika goma sha biyu ta sefa ka ce ya mayar maka naira, kafin ɗan boko ya gama latsa waya ya faɗa maka, har da ribarsa a ciki. To, a ce shekaru sun ja, iyalinsa suka lura ya fara ajiye abu ya manta, yana maimaita magana ɗaya, wata rana ma ya fita sallar La'asar ya kasa gane hanyar gida. Wasu su ce gigin tsufa ne, wasu su ce iska ce. A ƙarshe a ɗauke shi a kama hanyar Sakkwato, a wuce Gwadabawa, a tsaya a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. A irin wannan wuri ne ake buƙatar wata sana'a da ba a cika yabonta ba: awon tunani, da hankali, da yanayin zuciya.

Abin da ya sa sana'ar ta cancanci yabo shi ne ba a ganin abin da ake aunawa. Hawan jini yana da na'ura, zazzaɓin cizon sauro yana da gwajin jini. Mantuwa kuwa, ko damuwa, ko saurin fahimtar yaro, sai dai a bi sawunsu ta hanyar tambaya da ɗan aikin da za a ba mutum ya yi. Alfred Binet da Théodore Simon ne suka fara ɗora wannan a kan tsari a birnin Paris a 1905, da ƙananan ayyuka 30 da suka jera daga mai sauƙi zuwa mai wuya, don a gano yaran da ke buƙatar taimako na musamman a makaranta. Daga lokacin zuwa yau gwaje-gwaje sun yi yawa, amma ƙa'idojinsu ba su wuce abin da mai awon hatsi ya sani ba.

Tiyar kirki, in ka auna gero da ita yau ka sake gobe, abu ɗaya za ta ba ka. Haka ake son gwaji: in babu abin da ya sauya a wurin mutum, kada makinsa ya yi tsalle tsakanin mako da mako, ko tsakanin ma'aikaci da ma'aikaci. Sannan dole hannun awo ya zama ɗaya. Ba a yi wa wani tsororuwa a shafe wa wani, shi ya sa ake karanta wa kowa umarni iri ɗaya, a ba kowa lokaci ɗaya. Na uku shi ne mafi wuya: a tabbata abin da aka ce ana aunawa shi ake aunawa. Tiyar da aka buga wa gindi kullum amsa ɗaya take bayarwa, amma kullum tauyewa take yi. A nan ake gane gwani.

Ɗauki gajeren gwajin mantuwa da Marshal Folstein da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1975, wanda ya zagaye asibitocin duniya. Makinsa 30 ne, kuma galibi wanda ya kasa kai 24 akan yi zargin ƙwaƙwalwarsa ta fara rauni. Ana tambayar shekara da wata da kwanan wata, a ce mutum ya riƙa cire 7 daga 100, ya karanta jimla ya aikata abin da ta ce, ya rubuta tasa jimlar, ya kwaikwayi wani zane mai kusurwoyi. Dattijonmu na Illela, ko da ƙwaƙwalwarsa garau take, ya yi asarar maki uku tun bai zauna ba, don ba ya karatu da rubutun boko. Ka tambaye shi wata, ya ce maka Sha'aban ne, saura kwana tara azumi. Ai ya amsa daidai, takardar ce ba ta san kalandarsa ba. Wanda bai ƙware ba sai ya ba shi sifiri, ya tara maki, ya yanke wa lafiyayyen mutum hukuncin ciwon mantuwa, alhali makarantar da bai shiga ba aka auna.

Masana sun daɗe da ganin wannan tarko. A Laberiya, John Gay da Michael Cole sun ba manoman ƙabilar Kpelle kwanon shinkafa su ƙiyasta gwangwani nawa ne a ciki, sai manoman suka fi Amurkawa masu ilimin boko dacewa. Sun bayyana haka a littafinsu na 1967. A 1979 Robert Serpell ya sa yaran Zambiya da na Ingila su kwaikwayi siffofi iri ɗaya. Da fensir da takarda yaran Ingila suka yi gaba. Da aka miƙa waya a lanƙwasa, yaran Zambiya, waɗanda suka saba ƙera motar wasa da ita, suka bar su a baya.

Mafita mafi burgewa a gida Najeriya aka samo ta. A wani dogon bincike da aka fara a 1992 kan ciwon mantuwa tsakanin tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis a Amurka, an lura tsofaffi da yawa ba sa sakewa da fensir. Sai Farfesa Olusegun Baiyewu da abokan aikinsa suka fito da gwajin tsinken ashana, suka wallafa shi a 2005. Ma'aikaci zai ɗauki ashana huɗu ya jera su a gaban tsoho, misali su ba da murabba'i, ya nuna masa inda kan kowace ya kalla. Sai ya tattara su ya miƙa masa: "Baba, ga shi, a yi mini irin wannan." Siffofi huɗu ake yi, ana duba ko fasalin ya fito, ko ya fuskanci inda ya dace, ko kawunan ashanar sun zauna daidai. Abin da zanen fensir ke nema, wato haɗin kan ido da hannu da ƙwaƙwalwa, shi ashanar ke nema, sai dai ta cire biro daga tsakani. Tsohuwar da ta shekara sittin tana hura wuta ba ta jin kunyar ashana.

Awon damuwa ma yana da tasa dabarar. Akwai wata takarda mai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda ke tambayar abin da mutum ya ji a makonni biyu da suka wuce: barci, cin abinci, gajiya, rashin jin daɗin abin da a da yake so, da sauransu. Kowace tambaya makinta daga 0 zuwa 3, jimla 27, kuma daga 10 zuwa sama akan ce a zauna a bincika sosai. Gwanar ma'aikaciya ba ta sauya tambaya, amma ta san yadda za ta kafa wa mai amsa iyaka. Ga matar da ta zo daga ƙauyen Illela, "makonni biyu" na iya zama magana a iska. "Inna, daga kasuwar Lahadin waccan zuwa yau, kwana nawa barci ya ƙi ki?" Nan take za ta fara lissafi. Ta kuma san cewa a gaban miji ko suruka amsar kowace tambaya "lafiya lau" ce, don haka sai ta nemi su ɗan ba su wuri. Tambaya ta tara, wadda ta shafi tunanin mutuwa ko cutar da kai, ba a haɗa ta da lissafi kawai a wuce. Ko jimlar maki ta yi ƙasa, in aka amsa ta da "e", a ranar ake ɗaukar mataki.

Shi kansa layin 10 ɗin ciniki ne. In aka saukar da shi, za a kama kusan duk masu ciwon, amma a haɗa da masu lafiya da yawa. In aka ɗaga shi, masu lafiya sun huta, amma wasu marasa lafiya za su sulale. Shi ya sa ake gwada layin da hukuncin likitan da ya zauna da mutane ɗaya bayan ɗaya, a ga inda ya fi dacewa da al'ummar da ake aiki a cikinta.

Maki kuma ba ya magana sai an san da wa aka gwama shi. A gwajin basira na zamani an tsara 100 ya zama matsakaici, kusan kashi biyu cikin uku na mutane kuma su faɗo tsakanin 85 da 115. Amma matsakaicin su wa? Na mutanen da aka tattara amsoshinsu lokacin haɗa gwajin. Garin kan iyaka kamar Illela yana fito da wannan tambaya fili. A layi ɗaya za ka sami yaron da ya yi firamare da Turanci, da ɗan uwansa da ya yi lakwal da Faransanci a Birnin Ƙonni, da almajirin da ya haddace izu ashirin da allo da tawada. Duka Hausawa ne, wataƙila kakansu ɗaya. Gwani ba ya ɗora su a kan jadawalin da aka haɗa a Landan ya ce ya gama. Zai tambayi irin karatun da kowa ya yi, da harshen da yake lissafi da shi, ya duba ko yana ji yana gani sosai, ko da yunwa ya zo, ko zazzaɓi ne ya kwana da shi. Zai kuma saurari wanda ke zaune da shi a gida, domin a ciwon mantuwa tambayar da ta fi nauyi ita ce: me yake iya yi a da wanda yanzu ya gagare shi?

Saboda haka in an kai naka aka ce za a yi masa gwaji, kana da haƙƙin ka tambaya da wane harshe za a yi, da kuma ko an yi la'akari da cewa bai yi boko ba. Ƙwararre ba ya jin haushin wannan tambaya, don shi ma da ita ya fara. Ga ɗalibanmu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da sauran jami'o'in Arewa kuma, ga aiki mai lada: su bi garuruwa da ƙauyuka su tattara amsoshin lafiyayyun mutanenmu, tsofaffi da yara, 'yan boko da 'yan allo, domin a riƙa auna Bahaushe da Bahaushe ɗan uwansa.