Maganin Ƙaiƙayi da Kumburin Ƙoda: Sharhi a kan Bincike Biyu

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce auna wasu bincike guda biyu, domin mu ga wanne ya fi dacewa da halin da yaranmu ke ciki a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. A waɗannan garuruwa, kamar sauran ƙasar Hausa, in yaro ya dami kansa da susa, iyaye sukan nufi kemis su sayo Piriton, watau maganin da ke danne sinadarin histamin mai haddasa ƙaiƙayi.

Bincike na Farko

A shekarar 1968, Kniker da Cochrane, masana daga Amurka, suka wallafa gwajin da suka yi a kan zomaye. Sun nuna cewa in an ba zomo magungunan da ke danne histamin da sinadarin serotonin, tarkacen garkuwar jiki da ke maƙalewa a matatar ƙoda yakan ragu. Aikin ya cancanci yabo, amma muna da ja a wurare biyu. Da farko, ƙwayoyin daskarar da jini na zomo cike suke da histamin, alhali na ɗan Adam kaɗan suke ɗauke da shi. Na biyu, an ba zomayen maganin ne tun ƙodar ba ta lalace ba. Yaronmu kuwa ba a kai shi asibiti sai fuska ta kumbura, fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi.

Bincike na Biyu

A shekarar 1973, Whittle da abokan aikinsa suka wallafa nazarinsu na Zariya a kan dangantakar ƙazuwa da gyambon fata da kumburin ƙoda. Hanyar cutar a fili take. Ƙazuwa ta sa susa, susa ta buɗe fata, ƙwayar cutar sitiraftokokas ta shiga, bayan mako uku zuwa shida ƙoda ta kumbura. A ganinmu wannan aiki ya fi ƙarfin hujja, domin a kan mutane aka yi shi, a ƙasa mai yanayi irin namu.

Kammalawa

Idan aka haɗa binciken biyu, za a ga inda haɗarin yake. Piriton yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya kashe ƙwaron ƙazuwa, ba ya kuma kashe ƙwayar da ke cikin gyambo. Yaro ya samu barci, iyaye su saki jiki, cutar tana nan tana aikinta. Daɗin daɗawa, wasu magungunan wannan rukuni, irin su setirizin, ta fitsari suke fita, don haka likita kan rage adadinsu ga mai ciwon ƙoda.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu malamai da su koya wa ɗalibai masu shirin zama malaman firamare abu uku: a yi wa dukan mutanen gida maganin ƙazuwa lokaci guda, a kai mai gyambo asibiti don a ba shi maganin kashe ƙwayar cuta, a kuma gaggauta auna fitsari da hawan jinin duk yaron da ya tashi da kumburin fuska.