Kayan aikin Google da ba su iya cewa “ban sani ba”

In ka buɗe shafin Google a kwamfuta, duba sama ta hannun dama, za ka ga wasu ɗigo-ɗigo guda tara. Da ka taɓa su sai rumbu ya buɗe: Gmail, Maps, Drive, Translate da sauransu. Wasu ma, irin su Scholar, sai ka nemo su da kanka. Yawancinsu ba a biyan ko sisi, kuma babu mai musun amfaninsu. Ƙorafina a kansu guda ɗaya ne. Uku daga cikinsu, waɗanda aikinsu shi ne ba da amsa, da fuska ɗaya suke ba ka ita, ko sun sani ko suna lalube ne.

Mu fara da Translate, tunda ita ta fi shafar mu. A watan Disamba na 2013 aka shigar da Hausa cikinta, tare da Ibo da Yarbanci da Somaliyanci da Zulu. A 2016 kamfanin ya fara sauya mata inji. Da can guntu-guntun jimla take haɗawa, yanzu jimlar gaba ɗaya take ɗauka ta sarrafa. Amma tushen bai canza ba. Ba a zaunar da ita an koya mata nahawu ba. Ana zuba mata ɗimbin rubutun da mutane suka riga suka fassara, ita kuma ta koyi wace kalma ce ta fi yawan biyo wace. Harshen da ke da rubutu jibgi a intanet, kamar Faransanci, ya ci riba. Namu kuwa abin da aka samu kaɗan ne, kuma mai yawa daga ciki labaran kafofin watsa labarai ne da littattafan addini.

Sauyin 2016 ya zo da wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Tsohon injin in ya rikice, jimlarsa ma a rikice take fitowa, kana gani ka san an yi ɓarna. Sabon kuwa ya ƙware wajen jera magana mai santsi, har a inda bai gane komai ba. A 2018 mutane suka gano cewa in aka rubuta shirme, a maimaita gaɓa ɗaya sau da yawa, aka ce mata Somaliyanci ne ko harshen Maori, sai ta fito da jimlolin Turanci tsaf masu kama da wa'azin tashin duniya. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne littattafan addinin da aka horar da ita da su a waɗannan harsuna. An ba ta abin da ba shi da ma'ana, ita kuma ba a gina ta ta yi shiru ba.

To Hausa tana da nata tarkon. Ba ma rubuta karin sauti, ba ma nuna tsawon wasali. Kalmar “kuka” da ke cikin “miyar kuka” da “kukan yaro” da “ranar da kuka zo” haruffa huɗu ne iri ɗaya. “Gari” ma haka, na zama da na tuwo. Sannan yawancinmu a waya ba ma sa lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, sai “ƙasa” ta koma “kasa”, “ƙara” ta koma “kara”. Bahaushe yana warware wannan daga yanayin zance ba tare da ya ma san ya yi ba. Inji ma yana ƙoƙari, kuma a jimla mai tsawo sau da yawa yana dacewa. A gajeriyar jimla fa, canka yake yi. In an juyo daga Turanci kuma, inda kalma ɗaya ke tsaya wa “kai” da “ke” da “ku”, dole ya zaɓi ɗaya, kuma ba zai ce maka zaɓa ya yi ba.

Wani zai ce ai ba komai, ana gane nufi. A hirar WhatsApp haka ne. A takardar magani fa? A 2014 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani ɗan gwaji: jimloli 10 na asibiti, aka juya su zuwa harsuna 26. Kashi 57.7 cikin 100 ne suka fito daidai. Harsunan Afirka da aka gwada sun tsaya a kashi 45, Suwahili kuwa kashi 10. Adalci ne a faɗa cewa wannan kafin sabon inji ne, kuma an samu ci gaba sosai tun lokacin. Abin da bai canza ba shi ne allon. Fassarar da injin ke da tabbas a kanta da wadda ya canka, rubutu ɗaya, launi ɗaya. Kuma ba wai abin ya gagara ba ne: a ƙarshen 2018 Translate ta fara nuna fassara biyu, ta namiji da ta mace, in aka juya jimlar Turkanci marar jinsi zuwa Turanci. Ashe ana iya nuna wa mai karatu cewa hanya biyu ce.

Scholar kuma tamu ce, mu masu bincike, kuma ina amfani da ita kusan kullum. Tun 2004 take, ta kuma sauƙaƙa wa ɗalibin da ɗakin karatun makarantarsa ba ya sayen mujallu. Matsalar tana wurin ƙirga. Scholar tana lissafa sau nawa aka ambaci aikin mutum, ta fitar masa da ma'aunin h. In an ce ma'auninka 10 ne, kana da takardu 10 da aka ambaci kowace aƙalla sau 10. Amma injin da ke tattaro takardun bai tantance su yadda editan mujalla zai yi. A 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiro wani malami da babu shi a duniya, ya sa masa suna Ike Antkare. Ya sa wata manhaja ta rubuta masa takardun shirme sama da 100 masu ambaton juna, ya ɗora a intanet. Ma'aunin h na wannan fatalwa ya kai 94, ya wuce na Einstein a lokacin. Ka tuna da wannan duk ranar da ka ji ana auna malaman jami'a da lambar da ke shafinsu na Scholar.

Na uku ba sai na daɗe a kansa ba. A watan Mayu na 2024 Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike a Amurka. Ba a yi wata guda ba aka gan ta tana ba da shawarar a zuba gam a miyar da ake shafa wa pizza don cuku ya manne, abin da ta kwaso daga barkwancin wani a Reddit. Kamfanin ya yi gyare-gyare. Sai dai a da, jerin shafuka ake ba ka, ka ga wanda ya yi maganar ka auna shi. Yanzu amsar ce ke fara tarar ka, majiyar tana gefe.

Akwai wata dabara da ake yawan ba mutane: ka fassara zuwa Hausa, ka sake mayarwa Turanci, in ta dawo daidai shi ke nan. Ban yarda da ita ba. Injin da ya ɗauki “kuka” a gurguwar ma'ana da tafiya zai iya maimaita kuskuren da dawowa, Turancin ya fito lafiya lau, Hausar da ke tsakiya kuma ita ce za a miƙa wa majiyyaci.