Kujerar Buhu da Kasuwar Tsohon Yayi

A bakin Bahaushe kalmar kujera ba ta tsaya ga abin zama ba. Ana hawa kujera, ana rigima a kan kujera, ana tumɓuke mutum daga kujera, kuma in ka shiga ofis ko fada, tsayin abin da kowa ya zauna a kai ya isa ya gaya maka wane ne wane. Saboda haka in aka ce wasu matasa sun ƙera kujerar da ba ta da ƙafa, ba ta da majingina, ba a san gabanta da bayanta ba, mu ne ya kamata mu fi kowa saurin gane cewa tsokana ce.

A shekarar 1968 ne Piero Gatti da Cesare Paolini da Franco Teodoro, matasa uku masu zanen kayan ɗaki a birnin Turin na Italiya, suka fito da ita, kamfanin Zanotta kuma ya ɗauki nauyin ƙera ta. Suka sa mata suna Sacco, wato buhu. Buhun ne kuwa. An ɗinka shi da fata ko leda mai kauri, siffarsa kamar gora, aka zuba masa ƙananan ƙwallaye farare marasa nauyi, irin abin nan da ake tokare sabon firji ko talabijin da shi a cikin kwali. Ba a cika shi taf ba, don in mutum ya zauna ƙwallayen su gudu su ba shi wuri. Shekarar ce ɗalibai suka rufe titunan Paris suka mamaye jami'o'in Italiya suna ƙin duk wani mai cewa a zauna haka, a tsaya haka. Kujerar katako tana tsara wa mutum yadda zai zauna. Buhun kuwa duk yadda ka faɗa masa haka zai karɓe ka. Yau tana cikin kayan da gidan adana fasahar zamani na New York ke tinƙaho da su.

Waɗanda suka yi tashen samartaka a zamanin da buhun ya cika ɗakunan Turai da Amurka, wato shekarun 1970, yanzu sun haura sittin, wasu sun ba saba'in baya. Su da 'ya'yansu da suka taso suka tarar da shi a falo, su ne ke yawan ambatonsa cikin bege, tare da faifan garmaho da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da fitilar nan mai narkakken kaki yana hawa yana sauka. Kamfanoni kuma sun ji, suna ta sake ɗinko shi da tsofaffin launuka. Ra'ayina shi ne, a duk cikin kayan tsohon yayi da kasuwa ke dawo da su, kujerar buhu ce kaɗai ba ta iya rufa wa mai saye asiri. Waƙa in ta dawo, kunne zai karɓe ta kamar jiya. Buhu kuwa sai an zauna a kansa, kuma duk wanda ya zauna sai ya tashi. Ɗan shekara goma sha biyar zumbur yake miƙewa bai ma san ya yi wani aiki ba. Ɗan shekara sittin sai ya mirgina gefe, ya dafa ƙasa, ya kafa gwiwa, ya ce wash Allah, wataƙila ma ya miƙa hannu a jawo shi. A nan ne zai gane abin da ya yi kewa tun farko, gwiwarsa ce.

Wannan ba sabon zance ba ne. Kalmar da Turawa ke kiran irin wannan bege da ita, nostalgia, wani ɗalibin likita ne mai suna Johannes Hofer ya ƙirƙiro ta a jami'ar Basel a 1688, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, komawa gida da ciwo. A wurinsa cuta ce ta gaske, wadda ke kwantar da 'yan Suwizalan da suka yi nisa da tsaunukansu, musamman sojojin haya, maganinta kuma a mai da mutum gida. Bayan fiye da shekara ɗari, masanin falsafar nan na Jamus, Immanuel Kant, ya lura a wani littafinsa na 1798 cewa irin waɗannan mutane in sun koma gida ba su samun daɗin da suka zata. Sai su ce gari ya canja, alhali ƙuruciyarsu ce suka je nema ba su tarar ba. Gari ana iya komawa, shekara ashirin ba mota mai zuwa can.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa in aka tambayi wanda ya haura arba'in ya kawo abubuwan da ya fi tunawa a rayuwarsa, mafi yawansu sukan fito ne daga tsakanin shekara goma zuwa talatin. Lokacin ne mutum ke yin komai a karon farko. 'Yan kasuwa ba su buƙatar karanta wannan bincike, lissafin a fili yake. Yaron da ya yi sha'awar abu yana ɗan sha biyu ba shi da ko sisi, bayan shekara ashirin ko talatin ya zama mai albashi, kuma sa'o'insa ne ke zaune a kujerun da ake yanke shawarar abin da za a ƙera da fim ɗin da za a shirya. Shi ya sa yayi ke zagayowa kusan a kan ƙa'ida. A Amurka shirin talabijin na Happy Days ya fara a 1974 yana ba da labarin shekarun 1950. That '70s Show ya fara a 1998 yana waiwayen shekarun 1970. Stranger Things ya zo a 2016 da labarin shekarun 1980, har ya tono wata waƙar Kate Bush ta 1985 ya kai ta matsayi na ɗaya a Birtaniya a 2022, shekara 37 bayan fitowarta.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Nokia 3310. Ta fito a shekarar 2000, wayar salula kuma ta shigo Najeriya gadan-gadan a 2001, don haka da yawa daga cikin masu karanta wannan ita ce wayar farko da suka taɓa riƙewa, ko ta baba ce ko ta yaya. A 2017 kamfanin HMD Global ya dawo da ita da allo mai launi da kyamara da wasan macijin nan. An yi ta murna. Amma wayar ba ta ɗaukar WhatsApp, kuma dangi da abokan ciniki da 'yan ajinku duk suna can. Abin da ya yi daɗi a 2003 shi ne babu wanda ke jiran ka amsa saƙonsa cikin minti ɗaya, babu wanda ke ganin ka karanta ka yi shiru. Wannan kuwa ba ya cikin kwalin wayar.

Mu masu sana'ar rubuta manhajar kwamfuta muna da namu tarihin da buhun, kuma ya nuna yadda ake ɗaukar kwanso a bar ƙwaya. A 1970 kamfanin Xerox ya buɗe cibiyar bincike a Palo Alto da ke Kaliforniya. Bob Taylor, wanda ya jagoranci sashen kwamfuta, yakan tara masu bincikensa duk mako, kowa a kan buhunsa, mutum ɗaya ya tashi ya gabatar da tunaninsa, sauran su yi masa ruwan tambayoyi ba sani ba sabo. Daga cibiyar nan aka fito da Alto a 1973, kwamfuta mai linzami da hotuna a allo, kakar waɗanda muke amfani da su yau, aka kuma fito da Ethernet, hanyar da ake haɗa kwamfutoci da ita har gobe. Hotunan waɗannan mutane a kishingiɗe sun zagaya duniya, sai ya zama kamfanin fasahar da ke son a ce ya waye sai ya jefa buhu biyu ko uku masu ruwan ɗorawa a kusurwar ofis. Amma abin da ya haifi Alto kuɗi ne da aka zuba ba tare da gaggawar riba ba, da lokaci, da 'yancin ƙaramin ma'aikaci ya ce wa babba bai yi daidai ba. Waɗannan suna da tsada, buhu kuwa araha ne. Babu mai iya rubuta manhaja awa takwas a kansa ba tare da wuya da ƙugu sun kai ƙara ba. Amfaninsa a irin waɗannan ofisoshi shi ne ya fito a hoto, ya kuma raɗa wa matashin ma'aikaci cewa nan ma gida ne, ba sai ya yi saurin tashi ba.

Italiyawa sun riga kowa hango wannan. Ɗan wasan barkwancinsu Paolo Villaggio ya ƙirƙiri wani matsoracin akawu mai suna Fracchia, wanda ya fito a talabijin, daga baya kuma a fim a 1981. Duk lokacin da shugabansa ya kira shi ofis, sai a nuna masa Sacco a ce ya zauna. Shugaba na bayan tebur a kan kujera mai ƙafa huɗu, shi kuwa Fracchia yana ta kokawa da buhu, ya zame nan ya gyara can, har ya ƙare a ƙasa. Kujerar da aka ƙera don a rushe girman kai ta zama abin wulaƙanta na ƙasa, domin daidaito ba ya samuwa sai in kowa a ɗakin a kan buhun yake. Ban ga sharhin da ya kai wannan barkwanci faɗin gaskiya a kan kujerar ba.

Akwai kuma abin da bege ke sharewa. Ƙwallayen sukan lotse bayan an jima, buhun ya koma kamar tsohuwar katifa. In ɗinki ya ɓalle sai su watsu ko'ina suna manne wa tsintsiya. Ledar tana kama jiki in an yi gumi. Mafi muni, yara sun rasa rayukansu bayan sun zuge zif sun shiga ciki sun shaƙi ƙwallayen. A 2014 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sanar da janye kujerun buhu kimanin miliyan 2.2 na wani kamfani bayan mutuwar yara biyu. Mai tuna falon gidansu ba ya tuna wannan, kuma mai talla ba zai tuna masa ba.

Kada a ɗauka ina cewa bege laifi ne. Binciken da Constantine Sedikides da Tim Wildschut suka yi a jami'ar Southampton ya nuna cewa tuna baya yana rage wa mutum kaɗaici, yana sa ya ji rayuwarsa zare ɗaya ce ba guntaye ba. Tsohon da ya ga buhu a shago ya yi murmushi ya tuna abokan da suka kwana hira a kansa, wasu sun rasu wasu sun ɓace, ba shi da abin jin kunya. Svetlana Boym, a littafinta The Future of Nostalgia na 2001, ta raba begen gida biyu. Akwai mai son a sake gina jiya tubali bisa tubali, ya rantse cewa yadda yake tunawa haka abin yake. Akwai kuma mai juya jiya a zuciyarsa yana sane da cewa ta wuce, har yana iya yi wa kansa dariya. Na biyun abokin tsufa ne. Na farkon shi kasuwa ke kiwo, kuma shi ne 'yan siyasa ke kiwo in suka tashi yi wa jama'a alkawarin dawo da wani zamani na zinariya. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma masu sayar da bara sun fi kowa sanin haka.

Abin da ya sa na kawo zancen nan shafin adabi shi ne, irin wannan ciniki ya fara shigowa rubutunmu. Kowa ya ga hotunan da ake yaɗawa a Facebook na rediyo mai kaset da fitilar ƙwai da dutsen guga na gawayi, a rubuta a ƙasa cewa in ka san wannan ka tsufa. A matsayin raha ba laifi. Amma sai ka karanta gajeren labari ko maƙala ka tarar marubucin bai yi komai ba illa jero irin waɗannan kaya, yana jiran mai karatu ya kawo nasa hawayen daga gida. Sunan kaya yana motsa wanda ya san su, wanda bai san su ba kuwa jerin suna kawai ya gani. Marubuci ya ci bashin tunanin mai karatu ke nan bai biya da komai ba. Gwajin da zan ba duk mai rubutu a kan zamanin da shi ne gwajin buhun nan: ka zaunar da tauraronka a kan abin da yake bege, da jikinsa na yau, sannan ka sa shi ya tashi. Fitilar ƙwai ta yi hayaƙi ta ɓata bango, kaset ya sarƙe a tsakiyar waƙa a nemo biro a naɗe shi, wadda ke goge kayan makaranta da gawayi tun asuba ta sami suna da fuska da gajiya. Daga nan labari ke farawa.

Masu dukancinmu na Kano da Sakkwato sun daɗe suna ɗinka tumtum, shi ma fata ce da aka cusa wa abu a ciki, shi ma a ƙasa yake. Sai dai an cika shi tam, ba ya haɗiye mutum, dattijo ya kishingiɗa a kansa ya tashi da rawaninsa daidai. An ɗinka shi ne da sanin cewa mai shi zai tsufa. Su Gatti kuwa matasa ne da suka ƙera wa matasa abin zama, kuma sun yi nasara ƙwarai, tunda ga shi bayan fiye da shekara hamsin yara na faɗawa kansa suna ƙyalƙyala dariya kamar yadda kakanninsu suka yi. Wanda begen buhu ya dama ya saya abinsa, ya duba ya tabbata zif ɗin ba ya buɗuwa a hannun yaro, ya ajiye wa jikoki a tsakar ɗaki, shi kuma ya jawo kujera mai majingina ya zauna kusa da su.