Ƙwarya da Dutse: Nazari kan Zanen Mazubi a Birnin Kudu da Gwaram

A ƙasashe da dama, manyan mutanen dā sun bar labarinsu a jikin abin da suke shan ruwa da shi. A shekarar 1897 an tono wani kabari a Maikop, kudancin Rasha, aka sami kofunan azurfa da suka haura shekara 5,000, an zana musu bijimai da zakuna a jere. A 1891 kuma aka tsinci wata babbar tasar azurfa a Gundestrup ta ƙasar Denmak, nauyinta ya kusa kilo 9, da ƙaton bijimi a gindinta. Sarakunan Farisa na daular Sasaniyawa, wadda ta yi mulki daga 224 zuwa 651, su ma sun sa an ƙera musu farantai masu nuna sarki bisa doki yana farauta. Azurfar da hoton duk maganarsu ɗaya ce: mai wannan mazubi ba talaka ba ne.

A kudancin Jigawa abin ya ɗauki wata hanya. Hoton mai rai ya tafi jikin dutse, mazubi kuwa ya tsaya da zanen da babu rai a cikinsa.

Duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, suna ɗauke da zanen shanu da aka yi da jan launi da fari. Bernard Fagg, Baturen da ya yi aiki a sashen kayan tarihi na Nijeriya, shi ya fito da labarinsu ga duniya a shekarun 1950. Wanda ya tsaya ya dubi zanen da kyau zai ga yawancin shanun ba su da tozo. Bunaji da Rahaji da ake korawa kasuwar Sara a Gwaram yau duk masu tozo ne. Ke nan waɗanda suka yi zanen sun kiwata wani irin shanu da ya riga na yanzu zama a yankin. Kusa da zanen akwai duwatsun kiɗa, masu ƙara idan an buge su, abin da ke nuna cewa wurin na taro ne da biki. Mai zanen Maikop ya yi wa mutum guda aiki, aka binne kofin tare da shi. Na Birnin Kudu ya yi nasa a inda jama'a ke haɗuwa.

Mazubin sha kuwa, a nan ƙwarya ce da ƙoƙo da ludayi, dukkansu 'ya'yan duma. Ana fafe duman, a bar shi ya bushe, sannan a shiga ado. Wani yakan sassaƙa da wuƙa, ya kankare bayan ƙwaryar har farin da ke ƙarƙashi ya bayyana tsakanin layuka. Wani kuma yakan sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya riƙa ƙona zanen baƙi ƙirin. Akan rina da karan dafi don a sami ja. Abin da ke fitowa shi ne layuka, da kusurwoyi, da da'irori masu zagaye bakin ƙwaryar. Bafulatana mai tallar fura da nono takan gane ƙwaryarta cikin goma, kuma jeren ƙore a ɗakinta shi ke nuna arzikinta. Idan ta fashe, gyartai ya ɗinke.

Me ya sa ba mu gaji kofin azurfa mai hoto ba? Ba rashin gwaninta ba ne, domin maƙeran fari sun daɗe suna ƙera mundaye da zobba da kayan doki na azurfa. Masu mulki ma sun san tsadadden mazubi: tonon da aka yi a Durɓi ta Kusheyi a Katsina cikin 1992 ya fito da tasoshin tagulla a kaburburan manya. Babban dalili shi ne addini. Musulunci ya haramta ci da sha a mazubin zinariya da azurfa, malamai kuma sun tsananta kan surar abu mai rai. Sai azurfa ta koma wuyan mata da hannayensu, hikimar mai zane kuma ta karkata ga tsarin layi. Duk da haka saniya ba ta bar wurin ba. A dutse an zana ta, a ƙwarya kuwa nononta ake zubawa.

Matsalar ita ce azurfa takan yi shekara dubbai a ƙasa, ƙwarya kuwa gara ke cinye ta, ga roba da silba sun cika kasuwa. Ya kamata Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da masarautar Dutse su haɗa hannu wajen tattara tsofaffin ƙore daga Gwaram da Birnin Kudu, a ɗauki hotonsu, a rubuta sunan kowane zane daga bakin masu yin sa tun suna raye.