Mai zama a bencin baya

Ɗaliban makarantar horon malamai ta Bawa Jangwarzo da ke Maraɗi sukan fita makarantun firamare su gwada hannunsu a gaban yara na gaske. Ranar gwaji za ka tarar da wani dattijo mai auna ɗaliban ya takure a bencin baya, gwiwoyinsa sun tokare teburin yara, da takarda da biro. Aikinsa ke ba ni mamaki, musamman ranar da ɗalibin malami ya zaɓi ya koyar ta hanyar wasan kwaikwayo.

Wasa ba baƙo ba ne a nan. Yaran da ke tashe da azumi sun iya kwaikwayon tsoho da sandarsa tun ba su iya rubuta sunansu ba. Yazi Dogo, wanda Nijar kaf ta sha dariyarsa a talabijin, malamin makaranta ne tun asali. Sa yara dariya ba wuya. Wuyar ita ce gane ko dariyar ta bar wani abu a kai.

Dattijon yakan fara tun kafin a shiga aji. Zai karɓi fish, wato takardar da malami ke tsara darasi a kai, ya nemi layi guda: me yaro zai iya a ƙarshen darasin wanda bai iya ba da safe? In layin nan bai fito sarai ba, ya san wasan zai yi ta yawo kamar akuyar da ta tsinke.

A ce aji ne a Jiratawa, darasin lissafi, ɗebewa. Ɗaliba ta zo da faranti, da ɗankwali, da marafan kwalba cike da gwangwani. Yarinya ta ɗaura ɗankwali ta zama mai ƙuli-ƙuli, yaro ya zo saye. Ya ɗauki na dala goma sha biyar, ya miƙa dala ashirin. A nan dattijon yake kasa kunne, don akwai tarko. A kasuwa da dala ake ƙirga, a littafi da faran, kuma dala ɗaya faran 5 ce. Yarinyar da ke talla za ta mayar da dala biyar ba tare da ta yi tunani ba, amma a rubuta mata 100 a ɗebe 75 a allo, sai ta yi shiru. Abin da yake jira shi ne lokacin da malama za ta ɗaura wannan da wancan, yarinyar ta gane cewa 25 ɗin allo ita ce dala biyar ɗin hannunta. In an yi wasa an gama ba a ƙulla wannan ba, talla aka yi a aji.

Idonsa kuwa ba ya kan 'yan wasa sosai. Ya zana ajin a gefen takarda, benci benci, duk wanda ya yi magana ya ɗiga masa alama. Kafin a tashi, zanen ya nuna ko yara huɗu na gaba ne suka cinye darasin, ko an kira 'yan mata, ko yaron can na lungu ya buɗe baki. Yana duba agogo: minti nawa aka ɓata wajen ja da tebura, minti nawa aka yi ana lissafi.

Yana kuma jiran tsayawa. Gwanar malama takan tafa hannu a tsakiyar ciniki, kowa ya daskare, ta juya ga aji: "An ba shi canji daidai? Wa zai zo ya gyara?" Augusto Boal na Barazil ya yi suna da wannan dabara ta jawo ɗan kallo cikin fage. Dorothy Heathcote ta Ingila kuma ta shahara da shigar malami da kansa cikin wasa. In malama ta zama mai saye mai gardama, dattijon zai lura ko ta san yadda za ta tuɓe rawar ta koma malama, ba tare da ajin ya rikice ba.

Sai gwajin da ba ya ƙarya. A ba da sabon lissafi, malama ta buga tebur, kowa ya ɗaga ɗan allonsa sama. Ya ƙirga na daidai, ya ƙirga na kuskure, ya duba ko kuskuren iri ɗaya ne.

Akwai mai aunawa da zai leƙo daga bakin ƙofa, ya ji tafi, ya rubuta 12 bisa 20 ya hau babur. Dattijon nan kuwa, bayan an tashi, zai ja benci ƙarƙashin bedi ya fara da tambaya: "'Yata, ke me kika gani?" Sai ta gama faɗin nata, sannan ya juyo mata da zanen, ya ɗora yatsa a kan bencin da ba alama ko ɗaya. "Gobe da wannan za ki fara," in ji shi.